Kula da Lafiyar Hankalin 'Ya'yan Baƙi da Iyalansu: Nazari a Kan Unguwar Tirkaniya, Kaduna

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta yi bayani a kan wata matsala da ba a cika tattauna ta ba a tarurrukan malamai, watau halin da zuciya da hankalin yaro ke shiga idan iyayensa suka yi ƙaura da shi daga mahaifarsa zuwa wani wuri. Idan ana maganar baƙi da masu gudun hijira, abin da aka fi ambata shi ne abinci da matsuguni da sutura. Babu shakka waɗannan su ne a gaba. Amma yaro yana iya ƙoshi, ya kwana a ɗaki, ya sa rigar makaranta, alhali kuwa akwai wani ciwo a tare da shi wanda ido ba ya gani, wanda kuma shi ne zai hana shi karatu, ya ɓata masa ɗabi'a.

An zaɓi unguwar Tirkaniya don ta zama abin misali, saboda tarihinta tarihin baƙunci ne tun daga tushe. Za a fara da bayanin kalmomi, sa'an nan a duba yadda baƙi suka taru a wurin, da yadda ƙaura ke taɓa yaro da iyayensa, da inda jama'a ke neman magani. Daga ƙarshe za a kawo hanyoyin da gida da makaranta da unguwa da asibiti za su bi su taimaka.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Hausa tana da kalmomi da dama na barin gida, kuma kowace da nauyinta. Ɗan cin rani shi ne wanda ke barin garinsu bayan girbi, ya nemi kuɗi a birni, ya koma da faɗuwar damina. Mai ƙaura ya kwashe iyali da kaya ne da niyyar zama. Mai gudun hijira kuwa bai shirya ba, tsoro ne ya kore shi, sau da yawa da kayan jikinsa kawai. A wannan takarda kalmar "baƙo" ta haɗa dukkansu, ko daga wata ƙasa mutum ya fito, kamar Nijar ko Cadi ko Kamaru, ko daga wani sashe na Nijeriya.

Game da lafiyar hankali kuma, ya kamata a gyara wata fahimta tun da wuri. Da zarar an ambaci hankali da asibiti a jimla ɗaya, abin da ke faɗo wa mutanenmu a rai shi ne hauka tuburan, watau mai yawo a bola yana jifa. Wannan ƙaramin sashe ne kawai na al'amarin. Lafiyar hankali ita ce mutum ya iya jure wahalhalun rayuwa na yau da kullum, ya yi aikinsa ko karatunsa, ya yi barci, ya zauna da mutane lafiya. Saboda haka yawan damuwa, da fargaba, da firgita, da baƙin cikin da ya ƙi wucewa, duk suna cikin abin da ake magana a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin kowaɗanne matasa 7 masu shekara 10 zuwa 19, akwai 1 mai fama da wata matsala irin wannan, kuma kusan rabin cututtukan hankali suna farawa ne kafin a wuce shekara 14. Ke nan abin ya shafi 'yan firamare da ƙananan azuzuwan sakandare kai tsaye.

3.0 Tirkaniya da Tarihin Baƙunci

Tirkaniya tana kudu da Kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, kusa da Nasarawa da Kakuri da Kudenda, a gefen babbar hanyar nan da ta kewaye gari ta yamma. Ƙasar asalinta ta Gbagyi ce. Shi kansa birnin Kaduna garin baƙi ne, domin Turawan mulki ne suka mai da shi hedkwatar Arewa a 1917, bayan sun taso daga Zungeru, suka jawo sojoji da ma'aikatan reluwe da akawuna da leburori daga ko'ina.

Ana iya kasa zuwan baƙi kudancin kogi kashi uku.

Na farko shi ne zamanin masana'antu. An buɗe masaƙar Kaduna ta farko a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya a shekarun 1960, sa'an nan kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai kuma a 1980. Dubban ma'aikata suka kwararo: Hausawa da Nufawa da Barebari, Bajju da Atyap da Ham da Adara, Tibi da Idoma da Igala, Yarabawa da Ibo. Unguwannin da ke kewaye da masana'antun, har da Tirkaniya, suka cika da gidajen haya masu ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya. A cikin wannan zamani ne kuma farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka koro mutane daga Nijar da Cadi zuwa biranen Arewa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta sauƙaƙa shige da fice, amma korar baƙi marasa takardu da gwamnatin Shehu Shagari ta yi a Janairun 1983 ta nuna wa baƙo cewa zamansa ba shi da tabbas.

Na biyu shi ne ƙaura ta cikin gari. Rikicin Fabrairu da Mayu na 2000, da na Nuwamban 2002, da na bayan zaɓen Afrilun 2011, sun sa iyalai masu yawa suka tsallaka kogi: Kiristoci suka fi komawa kudu, Musulmi suka fi komawa arewa. Mutum ya zama baƙo a garin da aka haife shi. Ita ma Tirkaniya ta ɗanɗana nata, domin ranar 17 ga Yuni 2012 an tayar da bam a wani coci a unguwar, rana ɗaya da harin majami'u biyu a Zariya, abin da ya jawo ramuwar gayya da dokar hana fita. A daidai wannan tsakani ne masaƙun suka durƙushe: ta farkon ta rufe a 2002, babbar cikinsu kuma a 2007. Magidanta da yawa suka rasa aiki, ba su kuma da gonar da za su koma wa.

Na uku shi ne gudun hijirar da ya biyo bayan rikicin Boko Haram daga 2009, wanda ya raba sama da mutum miliyan 2 da gidajensu, da kuma hare-haren 'yan bindiga a ƙauyukan Birnin Gwari da Chikun da Kajuru da Giwa da Igabi. A cikin Ƙaramar Hukumar Chikun ɗin nan aka sace ɗalibai sama da 100 daga makarantar Bethel ranar 5 ga Yuli 2021, aka kuma kwashe na Kuriga ranar 7 ga Maris 2024, waɗanda 137 daga baya aka dawo da su. Abin lura a nan shi ne, galibin masu gudun hijira a ƙasar nan ba a sansani suke zaune ba. Suna raɓe ne a gidajen dangi, ko kangaye, ko ɗakin haya guda. Don haka ba sa shiga lissafi, kuma malamin aji ba ya sanin cewa sabon yaron da aka kawo masa daga bakin mutuwa ya fito.

4.0 Yadda Ƙaura ke Taɓa Hankalin Yaro

Masana sun daɗe da lura da dangantakar ƙaura da ciwon hankali. Tun a 1932 wani likita mai suna Ødegaard ya gano cewa mutanen Norwe da suka yi ƙaura zuwa Minnesota ta Amurka sun fi waɗanda suka zauna gida yawan kwanciya a asibitin masu taɓin hankali. Wannan ba ya nufin ƙaura kanta cuta ce. Bahaushe ma ya ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma yara da yawa suna wucewa lafiya, har su fi 'yan gari ƙwazo. Abin da ke jawo illa shi ne irin wahalar da ta haɗu da ƙaurar, kuma wahalar mataki uku ce.

Mataki na farko shi ne abin da ya faru kafin a taso: harbe-harbe, ƙone gida, ganin gawa, sace uba ko wa, sayar da shanu da gona don biyan kuɗin fansa. Wani ƙiyasi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa a wuraren da ake rikici, kimanin mutum 1 cikin 5 yana da wata larura ta hankali.

Mataki na biyu shi ne hanya, kuma mafi muni a cikinta shi ne rabuwa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Anna Freud da Dorothy Burlingham sun kula da yara a Landan, suka bayyana a 1943 cewa ƙananan yaran da aka raba da iyayensu mata don a tserar da su sun fi shiga damuwa a kan waɗanda suka zauna tare da iyayen ana ruwan bama-bamai. Darasin da ke ciki shi ne, ƙaramin yaro yana auna haɗari ne da fuskar uwarsa. A wurinmu kuwa abin da aka saba yi idan an iso gari shi ne a rarraba 'ya'ya: wannan gidan kawu, wancan gidan goggo, wata aikatau, wani makarantar allo a wani gari. Ana yin haka ne da kyakkyawar niyya don a rage baki, amma ga yaron hasara ce ta biyu a kan ta farko.

Mataki na uku shi ne zaman baƙunci, wanda ya fi sauran tsawo. Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko yana da ido. A ɗauki misalin yaro ɗan shekara 10 da ya taso a ƙauye da harshen Gbagyi ko Fulfulde. A titi zai ji Hausa da Turancin buroka, a aji zai ji Ingilishi. Ba shi da takardar shaidar haihuwa, ba shi da ta canjin makaranta, don haka a mai da shi aji biyu tare da ƙannen bayansa. Yara su yi masa dariya saboda karin harshensa, su kira shi baƙauye, ko ma su jingina shi da waɗanda suka kore shi. A gida kuma mutum 8 ne a ɗaki ɗaya, mai gidan haya yana tuni, ba filin wasa, ba kaka mai tatsuniya. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa wahalhalun yau da kullum na bayan isowa suna da nauyi a kan lafiyar hankali kamar yadda tashin hankalin farko yake da shi. Wannan labari ne mai ƙarfafa gwiwa, domin abin da ya wuce ba mai iya gyara shi, amma zaman yau yana hannunmu.

Akwai kuma tambayar da ke damun matashi: ni wane ne? Masanin halayyar ɗan Adam John Berry ya nuna cewa baƙo yana iya riƙe al'adarsa ya ƙi ta masu masauki, ko ya yar da tasa ya rungumi tasu, ko ya haɗa biyun, ko ya rasa duka. Wanda ya haɗa biyun shi ya fi samun natsuwa, wanda ya rasa duka kuwa shi ya fi shiga haɗari. Irinsa ne ke faɗawa hannun 'yan daba da masu sayar da ƙwaya da maganin tari mai sa maye.

4.1 Alamomi

Labarin zuciya a tambayi fuska. Yaro ba ya cewa "ina cikin damuwa". Jikinsa da halinsa ne ke faɗa. Ƙaramin yaro yakan koma fitsarin kwance bayan ya daina, ya liƙe wa uwa, ya riƙa firgita cikin barci, ko ya daina magana. Ɗan firamare yakan yawaita kukan ciwon kai da ciwon ciki ba tare da an ga cuta ba, ya zabura idan an buga ƙofa ko salansar babur ta yi ƙara, ya kasa riƙe karatu, ya riƙa zanen bindigogi ko wasan kai hari. Matashi yakan zama mai saurin fushi da faɗa, ko ya keɓe kansa, ko ya guje wa makaranta. Yarinya kuma takan yi shiru har a yaba mata da kunya. A makonnin farko irin wannan ba abin mamaki ba ne, kuma yakan lafa da kansa idan an sami kwanciyar hankali. Idan ya haura wata guda yana ƙaruwa, ko yaro ya daina ci, ko ya fara maganar gara ya mutu, ko yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, to lokacin neman likita ya yi.

Babban kuskuren da ake yi shi ne a fassara waɗannan alamomi da taurin kai ko daƙiƙanci, a sa bulala. Yaron da tsoro ya hana shi karatu, idan aka ƙara masa tsoro, ba abin da zai ƙaru sai ciwon.

4.2 Halin Iyaye

Ba a raba lafiyar yaro da ta iyayensa. Magidancin da ya saba cika rumbu, yau ga shi yana gadi ko tura baro, ko yana zaune matarsa ce ke ciyar da gida da wankau, yakan ji girmansa ya zube. Wani ya huce a kan iyali, wani ya bar gidan. Uwar da aka kashe mata miji, ga takaba ga goyo ga neman abinci, ba ta da sauran ƙarfin rarrashi. Bugu da ƙari, yara sun fi saurin koyon harshe, sai ya zamanto ɗan shekara 12 ne ke yi wa uwarsa tafinta a asibiti da gaban mai gidan haya, yana jin abin da bai kamata ya ji ba. Sa'an nan al'adarmu ta kunya da haƙuri, duk da alherinta, takan sa a rufe maganar gaba ɗaya. Akan ce wa yaro babansa ya yi tafiya, alhali ya ga lokacin da aka harbe shi.

5.0 Inda Ake Neman Magani

Idan abu ya tsananta, iyali sukan fara da abin da suka sani: rubutu da tofi da ruƙiyya wurin malam, addu'a da azumi wurin fasto, hayaƙi da saiwa wurin boka, domin an fi danganta irin wannan ciwo da iska ko sammu. Asibiti shi ne na ƙarshe. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, ba nisa da Tirkaniya, amma tsoron a ce gidan wane akwai hauka, a ƙi auren 'ya'yansu, yana hana zuwa. Ga kuma ƙarancin ma'aikata, domin likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, masu kula da yara a cikinsu kuwa ƙalilan ne ƙwarai.

Bai kamata a raina malamai da limamai da fastoci ba, don su ne jama'a suka amince da su, kuma addu'a tana sanyaya zuciya. Abin da ba za a lamunta ba shi ne ɗauri da mari da duka da sunan magani, irin abin da 'yan sanda suka bankaɗo a Rigasa a Satumban 2019, inda aka fitar da mutum sama da 300, da yawansu yara. Muna da abin koyi a ƙasar nan. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zaune a ƙauyukan kewaye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Ta fuskar doka, Dokar Lafiyar Hankali da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar da haƙƙin marar lafiya. Jihar Kaduna ma tana da dokar kare yara tun 2018.

6.0 Hanyoyin Taimako

6.1 A Gida. Abu na farko shi ne kada a raba yaro da uwarsa ko wanda ya shaƙu da shi, muddin akwai yadda za a yi. Taimakon da ya fi amfani shi ne wanda zai ba uwa jari ko kuɗin haya ta riƙe 'ya'yanta, ba wanda zai karɓe mata su ba. Na biyu, a mai da rayuwa kan tsari: lokacin ci, lokacin barci, lokacin ibada da makaranta, domin tsari ne ke gaya wa yaro cewa duniya ta daidaita. Na uku, a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, a bar shi ya yi kuka, ya yi tambaya, kada kuma a tilasta masa ba da labari. Na huɗu, a ci gaba da yi masa magana da harshen gida, da tatsuniya da tarihin kakanni.

6.2 A Makaranta. Hedimasta ya karɓi yaro ko ba takarda, a nemi takardar daga baya. A sa shi aji gwargwadon shekarunsa, a yi masa darasin cike gurbi. A haɗa shi da wani ɗalibi mai jin harshensa ya zama abokin zamansa. Malami ya koyi kiran sunansa daidai, ya hana tsokana tun ranar farko, ya ajiye bulala. Wasanni da zane da waƙa da wasan kwaikwayo ba ɓata lokaci ba ne, hanya ce da yaro ke fitar da abin da bakinsa ya kasa faɗa. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta yi tanadin malaman ba da shawara a makarantu. Ya kamata a daina ɗora musu darussa har su rasa lokacin aikin nasu.

6.3 A Unguwa. Bahaushe yana da tsohon tsari na karɓar baƙi. A zangunan fatake akwai fatoma ko maigida, wanda ke saukar da baƙo, ya tsaya masa, ya nuna masa gari. Mai unguwa da limamai da shugabannin coci da ƙungiyoyin mata da na 'yan gari ɗaya suna iya farfaɗo da wannan, a ɗaura kowane sabon iyali a hannun wani tsohon iyali. A unguwa mai haɗe da addinai biyu, aikin da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka fara a Kaduna a 1995 ya nuna cewa waɗanda suka taɓa gaba suna iya zama su yi aiki tare.

6.4 A Asibiti. Tun 1991 manufar gwamnati ta sa lafiyar hankali cikin ayyukan ƙananan asibitoci, kuma a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin horar da nas-nas da ma'aikatan lafiya na unguwa su gane larurorin, su kula da masu sauƙi, su tura masu tsanani gaba. A Zimbabuwe an koya wa tsofaffin mata sauraron masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya tabbatar da amfaninsa. Ba abin da zai hana ungozomominmu yin irin wannan, musamman ga masu jego.

6.5 A Kwalejojin Ilmi. Nan ne nauyin ya faɗo kanmu. Ɗalibanmu suna haddace matakan girman yaro, amma ana yaye su ba su san abin da za su yi wa yaron da ya shige ƙarƙashin benci don ya ji ƙarar taya ba. Ya kamata kwalejoji irin ta Gidan Waya, da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, su sa taimakon farko na hankali cikin darussansu, watau lura, da saurare, da sada mutum da inda zai sami taimako. A kuma yi wa kalmomin fannin fassara mai kyau da Hausa da sauran harsunan yankin, don a iya yi wa iyaye bayani ba tare da an ambaci hauka ba.

7.0 Kammalawa

A wannan takarda an nuna cewa Tirkaniya ta karɓi baƙi iri uku: masu neman aiki, da waɗanda rikicin gari ya tsallakar da su kogi, da waɗanda bindiga ta koro daga ƙauye. An nuna cewa ciwon yaro yana fitowa ne daga abin da ya gani, da rabuwar da ya sha, da irin zaman da ya tarar, kuma na ƙarshen nan shi ne muke da iko a kansa. Likitoci ba za su wadatar nan kusa ba, saboda haka mafi yawan aikin na uwa ne da malamin aji da mai unguwa da nas. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da ke raɓe a ɗakunan hayar Tirkaniya a yau su ne magidantan Kaduna nan da shekara 20, kuma irin tarbar da aka yi musu ita za su yi wa na bayansu.